Yadda Twumasi Ya Jawo Mana Intanet

Ƙanena Twumasi, in ka ji shi yana magana sai ka rantse shi ya kafa Kumasi. Shekara tara yana shirin tafiya Jamus, iyakarsa filin jirgin Accra, ran da ya raka wani abokinsa. Amma har yau in ya ga ka ɗauki kofin shayi sai ya girgiza kai ya ce, "A Hamburg ba haka ake riƙe shi ba."

Da Wofa Amoako, kawunmu, ya kwanta dama, shagonsa na hayar rumfa da kujeru a unguwar Bantama ya faɗo hannun Twumasi, tunda a al'adarmu ɗan 'yar'uwa ke cin gadon kawu. Ni Dufie, da na shekara ashirin a shagon nan, na san rumfar da ke yoyo da kujerar da ƙafarta ke rawa, aka ce in ci gaba da taimaka masa. Abin ya ci min rai, ba zan ɓoye ba, amma na ci gaba.

Abincinmu kuwa a bakin mace ɗaya yake: Nana Pokuaa, shugabar 'yan tumatir na kasuwar Kejetia. Mata sun fi ɗari huɗu a ƙarƙashinta, kuma duk wadda aka yi wa mutuwa, inda Nana ta nuna nan ake ɗaukar rumfar makoki. Tun zamanin Wofa mu take nunawa. Amma daga rasuwarsa, Agya Bonsu na tsallaken titi, wani tsoho mai shago irin namu da ba ya magana sai ta kama dole, ya fara samun Asabar ɗaya cikin uku, domin mu ranar Asabar ake makoki. In Nana ta juya mana baya gaba ɗaya, sai dai mu dafa kujerun mu ci.

Wata safiya Twumasi ya shigo yana karkaɗa makullin motar da ba shi da ita.

"Sista, kin san abin da ke kashe mu?"

"Na sani. Ga shi tsaye a gabana."

"Ba mu da intanet! Yanzu wa ke ɗaukar nauyin makoki? 'Ya'yan da ke Turai. Su kuwa ba sa zuwa su zauna kan benci su yi ciniki, imel suke aikowa. Bonsu ko sunansa bai iya rubutawa ba. Wata ɗaya na ba shi, zai zo yana roƙona aikin gadi."

Tsakani da Allah, rabin maganarsa gaskiya ce, kuma wannan rabin ne ya ja ni na amince.

Na kira wata mata daga wani kamfanin sadarwa. Ta zo da natsuwarta, ta ajiye wani ɗan akwati kamar sabulun wanka a kan tebur. Ta ce wannan ya ishi shago irin namu, za ta buɗe mana adireshin imel da sunan shago, ta raba akwatin saƙo biyu, ɗaya na tambayar farashi, ɗaya na maganar da ba ta kowa ba ce, kuma kalmar sirri ta tsaya wurin mutum biyu. Twumasi ya ɗaga akwatin da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Madam, wannan ne zai jawo magana daga Jamus? Wannan ko daga Suame da ke nan bayanmu ba zai jiyo ba. Bonsu ma daga tsallake ba zai gan shi ba, to amfaninsa me?"

Kashegari ya zo da wani Injiniya Boadu, wanda ofishinsa kaf yana cikin but ɗin mota. Boadu ya fito da bututun ƙarfe uku ya jona, ya ɗaura wani faifai kamar bahon wanki a kai.

"Bra Twumasi, na matar nan a ƙasa yake rarrafe. Nawa daga sama yake ɗebowa, bai taɓa ƙasa ba."

"Kin ji ko, Sista? Bai taɓa ƙasa ba!"

Aka kafa ƙarfen, ya fi rufin coci tsawo. Anti Frema mai fufu, maƙwabciyarmu, ta fito da taɓarya a hannu ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame.

"Twumasi, me za ka shanya can sama?"

"Anti, ilimi ne. Koma ki daka fufunki."

"To, mai ilimi. In ya faɗo a tukunyata, da kai zan yi miya."

Sabis ɗin kuwa yana zuwa, amma sai in iska ta tsaya cak. Da ganyen mangwaro ya motsa, shi ke nan, ya tafi. Boadu ya ce sabo ne, bai saba da unguwar ba tukuna.

Sai maganar kalmar sirri. Direbobin turoturo, motocin hayar nan da ke tsayawa a ƙofarmu, suka fara leƙowa suna tambaya. Na ce kada ya bayar. Ya ce a gidan da aka haife mu, baƙo ruwa ake fara ba shi kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi, intanet kuma ruwa ne. Ya sa aka rubuta ta da jan fenti a jikin bango, ƙasan sunan shago. Kafin azahar kujerunmu sittin sun baje a waje, kowa ya duƙa kan waya shiru, wani na share hawaye saboda fim. Wata tsohuwa da ke wucewa ta ga kujeru a jere da mutane jugum, ta ɗora hannu a ka ta shigo tana kuka, ta bi su ɗaya bayan ɗaya daga dama tana ba su hannu. Da ta iso gabana ta ce, "Dufie, wa muka rasa?" Na ce, "Data, Maame." Ta wata guda ce, kwana biyu ta yi.

Labari ya kai kunnen Wofa Ntim, kawunmu da ya rage, shugaban dangi kuma tsohon malamin makaranta. Ya zo da zanensa a kafaɗa ya zauna, aka ba shi ruwa, ya yanke hukunci. Shago na dangi ne, saboda haka makullin saƙonsa makullin dangi ne, makullin dangi kuma a hannun babba yake zama. Ya sa Boadu ya canza kalmar, ya rubuta ta a takarda ya ƙulle a bakin zane, ya hau mota ya tafi gonar koko. Kwana tara ba mu buɗe imel ba.

Twumasi bai damu ba, domin ya riga ya sa Boadu ya ɗana wata dabara: duk wanda ya aiko saƙo, kwamfuta za ta amsa masa da kanta nan take. Shi ya tsara amsar, yana kai da komo da hannu a baya. Ni ban san me ya rubuta ba sai ranar da wata hamshaƙiyar mata ta diro daga tasi da surukanta biyu, tana kaɗa waya a fuskarsa. Ashe 'yarta za ta aurar, ta aiko tana neman farar rumfa.

"Kai ne mai shagon? Karanta abin da ka aiko min!"

Ya karanta da ƙaramar murya. "Mun ji abin da ya same ku. Ku yi haƙuri, kowa hanyar nan zai bi. Wanda ya tafi ya huta, mu da muka rage mu ke da wahala."

"Aure na ce! Aure!"

"Madam, to ai auren ma, in kika duba..."

Da jaka ta rufe masa bakin. Ta tsallaka titi wurin Agya Bonsu, ina kallo ya gyaɗa mata kai sau ɗaya, ciniki ya faɗa.

A daren ranar ba abin da ya faru, amma kashegari da hantsi hadari ya taso, iska ta kama faifan Boadu ta yi ta juya shi, sai ga ƙarfen nan ya taho a hankali, da ladabi, ya kwanta a kan rumfar Anti Frema. Faifan ya sauka daidai cikin tukunyar miyar gyaɗa. Naman akuya har tsakiyar titi. Frema ta bi Twumasi da taɓarya suka zagaya shagon sau uku, yana gudu yana cewa, "Anti, a Hamburg inshora ke biyan irin wannan!" Aka nemi Boadu a waya, aka ce lambar ba ta aiki.

Ni dai da na ga haka, na lallaɓa na kira matar kamfanin nan, ta zo ta sa ɗan akwatinta a bayan labule. Sabis ya zo tsaf, ko iska ko ruwa. Ta sake roƙon Twumasi ya bari ta raba akwatin saƙon biyu, ta ce masu makoki suna rubuta abin da ba sa so a gani. Ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa, shagonsa ma haka. Ya wanke faifan, ya sake kafa ƙarfen, ba waya ko ɗaya a jikinsa, ya riƙa nuna wa mutane yana cewa shi ya gyara da hannunsa.

Daga nan ya ce sai an yi bikin buɗewa, kuma Nana Pokuaa ce za ta shugabanci taro.

"In ta ga saƙo ya sauko daga Turai da idonta, Bonsu ya mutu. Mu za mu ba da rumfar ma."

"Twumasi, Nana ba ta daɗe da fitowa daga asibiti ba. Ka bar tsohuwa ta huta."

"Shi ya sa. Fitarta ta farko, a shagona."

Ya aika da adireshinmu ga ƙungiyar 'yan garinmu da ke Hamburg, ya ce duk mai buƙatar rumfa ya rubuto, kuma ya fi so ranar Lahadi da ƙarfe uku. Ya yi hayar wata ƙatuwar talabijin ya rataye a ƙofar shago, ya jona ta da kwamfuta, yadda akwatin saƙonmu zai fito ɓaro-ɓaro kowa ya gani. Na ce ya bari in fara duba kowane saƙo a ciki kafin a nuna. Ya ce ni matsalata tunanin ƙauye.

Ranar Lahadi bayan coci titi ya cika. 'Yan badujala na busa, lasifikokinmu na makoki duk an fito da su. Nana Pokuaa ta iso cikin zanen kente, ta rame amma idon nan yana nan, mata kusan hamsin na bayanta. Aka zaunar da ita a kujerar gaba mai laushi. Wofa Ntim ya dawo daga gona, aka ba shi abin magana, shi zai karanta Turancin ya juya wa jama'a. Agya Bonsu yana zaune ƙofar shagonsa yana cin gyaɗa.

Twumasi ya yi jawabi na minti arba'in, ya ambaci Hamburg sau goma sha ɗaya, Frema ce ta ƙirga. Sai talabijin ta yi ƙara, saƙo ya faɗo. Aka yi tafi. Wofa ya gyara tabarau.

"Wannan yana cewa... Ya kai maigida, in ƙarfinka ya ragu a ɗaka, muna da magani..."

Matan kasuwa suka kwashe da shewa. Wata ta ce, "Sun san shi!" Twumasi ya ce gwaji ne kawai, shi ya sa a aiko don a ga ko na'ura na aiki. Frema ta ce, "Wacce daga ciki?"

Ana cikin dariya wani ya sake faɗowa. Twumasi ya leƙa, ya yi tsalle.

"Jamus! Jama'a, Jamus! Ku busa!"

Aka busa. Wofa ya ce, "Daga Kwarteng, ɗan Nana Pokuaa, a Hamburg."

Fuskar Nana ta washe. Ta juya ga matanta. "Ɗana ne. Autana. Ya san ina nan, gaisuwa ya aiko. Tica, karanta da ƙarfi na baya su ji."

"Bra Twumasi, ina gaisuwa. Ka riƙe wannan magana tsakaninmu, kada Maame ta ji..."

Wofa ya tsaya. Na fara matsawa wajen wayar wuta in fizge, amma mata sun cika hanyar, kuma rubutun na nan manya-manya, masu boko a taron sun riga sun yi gaba da karatu suna toshe baki.

Nana ta ce, "Tica, me ya sa ka tsaya?"

"Nana, idona ne, hasken ya yi yawa."

"Idonka lafiya lau. Karanta, in ba haka ba in sa wani."

Ya karanta, lasifika na kai ta har tasha. Kwarteng ya ce tunda Maame ta kwanta asibiti jikin ya ƙi, shi da yayarsa da ke London sun ga gara a fara shiri. Yana son farashin makoki. Kujera ɗari da hamsin. Rumfa biyu. Ban da badujala, a sa kaset. Gawa kada ta wuce sati biyu a firji.

Titi ya yi tsit, har kana jin Bonsu na fasa gyaɗa daga tsallake. Twumasi ya zube a gaban Nana ya sauke zanensa daga kafaɗa don ladabi.

"Nana, Allah ya ja kwana! Ba za ki mutu ba! Kuskuren na'ura ne, ke da mutuwa..."

"Rufe min baki. Wa ya ce maka ina tsoron mutuwa? Zanen da za a kwantar da ni da shi ya shekara goma a akwati. Tica, kujera nawa ya ce?"

"Ɗari da hamsin, Nana."

"Masu laushi?"

"Na roba, Nana."

"Na roba." Ta dafe ƙirji. "Ni Pokuaa. Shekara talatin da ɗaya ba motar tumatir da ta sauke kaya a Kejetia sai da izinina. Mai sayar da gawayi ta layinmu, wata biyu ta yi a firji. Ni sati biyu? Ni kifi ce?"

Matan suka fara kuka na gaske, wasu na zagin Kwarteng, wasu na zagin Jamus gaba ɗaya. Ni kuwa wani abu ya faɗo min a rai. Na jawo Twumasi ta zane.

"Amsar nan taka ta haƙuri, ka cire ta?"

Ya dube ni, ya ɗora hannu biyu a ka.

Ba a yi minti biyar ba talabijin ta sake ƙara. Wannan karon daga London ne, yayar Kwarteng. Nana ta nuna wa Wofa da yatsa, ya karanta.

"Kwarteng ya kira ni yanzu yana kuka, ya ce kun aiko masa cewa Maame ta huta. To, Allah ya yi. Kada kowa ya taɓa akwatunan zanenta da gwal ɗinta sai na iso. Kujeru kuma ɗari sun isa, Maame ta yi faɗa da rabin kasuwa, ba kowa zai zo ba."

Kukan matan ya ɗauke kamar an kashe rediyo. Kowace ta sami abin kallo a ƙasa. Nana ta miƙa hannu aka sa mata wayarta, ta danna da kanta, ta karɓi abin magana daga hannun Wofa ta kara a jikin wayar. Muka ji muryar Kwarteng a lasifika yana sheshsheka.

"Wa ke riƙe da wayar Maame?"

"Gawar ce, ɗan nan. Na kira in ji ko sati biyun ma ya yi maka yawa."

Muka ji wani abu ya faɗi a Hamburg.

Nana ta miƙe ba wanda ya kama ta. Ciwon ma kamar ya tsorata ya gudu. Ta tsallaka titi, motoci suka tsaya mata, matanta na biye, mu ma muka bi kamar an ja mu da igiya. Ta tsaya a gaban Agya Bonsu.

"Agya, kana da intanet?"

"A'a."

"In ɗa ya zo maka da maganar makokin uwarsa, wa zai ji?"

"Ni."

"To buɗe kunnenka. Makokina nake so, ni da kaina, tun ina numfashi. Kujera dubu uku, masu laushi a gaba. Badujala biyu, ɗaya ta gaji ɗaya ta ɗauka. Wata huɗu a firji. Kuma daga yau duk 'yar tumatir da aka yi wa mutuwa, nan za ta zo."

Bonsu ya gyaɗa kai, ya miƙa mata gyaɗa.

Ni dai na tsaya a bakin titi ina kallo. Shekara ashirin na lallaɓa matar nan, na san ko wane irin ruwa take sha, ga shi an kwashe komai a yammaci ɗaya. Twumasi ya matso kusa da ni, gumi na zuba, ya raɗa min, "Amma Sista, kin dai ga saurin saƙon? Daga London fa, minti biyar." Ban mare shi ba, saboda ranar Lahadi ce.

Nana ta juyo za ta shiga mota ta gan ni tsaye ina matse hawaye. Ta kama hannuna.

"Dufie, ke ba ruwanki, na sani. Ranar makokina ki zo, akwai kujerarki a layin gaba."

Twumasi ya turo kai. "Ni fa, Nana?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ka zo da taka. Ai ga su can jibge, ba mai haya."